Laftof ɗin ɗan yayata da maganar man furosesa: sai da na buɗe ta sau biyu

Wata Laraba ce cikin Afrilu, irin zafin nan na Zariya da ko fanka ka kunna iska mai ɗumi take huro maka, ina shago a Samaru ina fama da wata firinta sai ga ɗan yayata ya faɗo da jaka a kafaɗa ko sallamar kirki bai yi ba. Zanen gine-gine yake karantawa a ABU, shekarar ƙarshe, saura kwana tara ya tsaya gaban malamai da furojet ɗinsa. Ya dire min laftof a tebur ya ce "Kawu wannan abar so take ta kashe ni, da na saka rendarin ko minti goma ba ta yi sai ta ɗauke ɗif, jiya kaɗai sau huɗu." Rendarin shi ne sa kwamfuta ta fitar da hoton ginin da aka zana kamar na gaske.

Na ce to zauna ka sha ruwa tukuna.

Laftof ɗin irin ta 'yan gem ce, ta hannu ya saya wajen shekara biyu da suka wuce. Furosesa ɗinta, wato ƙwaƙwalwar injin, i7-7700HQ ne na Intel wanda ya fito 2017, koa huɗu (sassa huɗu masu aiki a cikinsa), wat 45, sai kuma girafik mai sarrafa hoto, GTX 1050 na Nvidia, kuma su biyun bututun jan ƙarfe ɗaya suke rabawa, wato zafin wannan yana shafar wancan. Ba sabuwa ba ce amma ba ta kai a ce ta gaza manhajojin zanen gini irin Revit da Lumion na ɗalibi ba. Da na tambaye shi ko an taɓa buɗe ta sai ya fara sosa ƙeya, wai wata uku baya ya kai wani shago an yi mata sabis an ce an saka sabon fes, wato man nan da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen da ke ɗauke masa zafi, bai kawo min ba ne don kar na ce ba zan karɓi kuɗi ba. Yaran nan dai. Ban tambaye shi wane shago ba ne, kuma ko na sani ba zan faɗa ba, dukkanmu neman abinci muke.

Ni ba na fara kwance abu sai na auna, don in ba ka san inda ka taso ba ba yadda za ka ce ka gyara. Na saka HWiNFO, manhajar da ke nuna zafin injin, na bar laftof ɗin zaune ba ta komai, tana wasa tsakanin digiri 68 da 72, alhali ko burauza ba a buɗe ba. Na kunna Cinebench, manhajar da ke ba furosesa aiki mai nauyi don gwaji, kafin na ajiye kofin shayi ta buga 100. Wannan furosesan iyakarsa kenan, 100, in ya kai nan da kansa yake rage gudu don kar ya ƙone, in ragewar ba ta yi ba sai ya kashe injin gaba ɗaya, to ɗaukewar da yaron yake gani kenan, ba wai ta lalace ba ne kanta take karewa. Gudun da ya kamata ya tsaya wajen 3.4 gigahaz in duk koa huɗun suna aiki sai ga shi yana zubowa har 0.8.

Amma abu biyu ne suka fi ɗaukar hankalina. Na farko koa ɗaya yana 100 wani yana 84, tazarar digiri 16 a kan ɗan guntun abu da bai kai faɗin farce ba. In ka ga haka to ƙarfen da ke bisa bai zauna daidai ba, gefe ɗaya ya taɓa ɗaya yana sama. Na biyu, fanka tana ta ihu kamar injin markaɗe amma da na kara hannu a mafitar iska ba wata iska kuma ɗan abin da ke fitowa ba zafi can. Laftof da cikinta ke tafasa ya kamata ta ƙona maka yatsa a wajen. Zafin yana nan maƙale ciki bai samu hanya ba.

Na juya ta na kwance murfin, abu na farko na zare igiyar batir daga bod, wato allon da kayan wutar injin suke kai, wannan ba a wasa da shi, sukuru ɗaya ya suɓuce ya faɗa kan bod mai wuta an gama magana. Da na ɗaga fanka sai ga wani bargo na ƙura da zare-zare ya toshe haƙoran hitsink ɗin tas, hitsink shi ne ƙarfen da ke ɗauke zafin, na ciro bargon a dunƙule kamar audugar katifa. Hunturun Zariya kenan, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar da take shiga hancinmu ita ce take shiga injin, ga shi kuma kan gado yake ɗora ta yana aiki. Wanda ya yi sabis ɗin ko fankar bai ɗaga ba.

Sai na zo kan hitsink. Sukurorinsa suna da lamba a jiki, 1 zuwa 7, na bi su a juye ina sassautawa kaɗan-kaɗan, ashe na 3 ma dama ba a ɗaure yake ba, juyawa kawai yake. Na ɗan murza ƙarfen hagu da dama kafin na ɗaga, abin da na gani ya sa na kira yaron na ce zo ka ga kuɗinka. Farin fes ne irin na ƙaramar robar nan mai arha an labta shi kamar ana shafa bota a burodi, ya malalo ta gefe ya rufe ƙananan kayan da ke kewaye, ya bushe ya tsattsage kamar kokon da ya kwana. In ka duba shatinsa a jikin jan ƙarfen, gefe ɗaya siriri ne har kana hango ƙarfe, ɗaya gefen kuwa tudu guda. Dalilin yana kusa: 'yan katifun nan masu laushi da ake sawa kan memorin girafik, tamal fad, an cire na asali an saka wasu shuɗaye masu kauri. Na auna da kalifa, wato ma'aunin kauri, sabbin milimita 1.5, guntun tsohon da ya rage a lungu bai wuce 0.5 ba. Wato katifar ce ta tokare hitsink ɗin ta hana shi sauka, shi kuma mai gyaran da ya ga akwai rata sai ya cike da fes.

Nan ne mutane da yawa ba su gane aikin man nan ba, har da wasu masu sana'ar. Ana ɗauka shi ne yake sanyaya furosesa, don haka in an ƙara yawa sanyi zai ƙaru. Ba haka ba ne. Fuskar furosesa da ta jan ƙarfe a ido sumul suke, amma in aka ƙara girmansu duk ramuka ne da tuddai, in ka haɗa su iska ce take zama cikin ramukan, iska kuwa ba ta wuce da zafi, ƙarfinta wajen 0.026 ne a ma'aunin da ake rubutawa W/mK. Jan ƙarfe wajen 400 yake, alminiyam 200 da ɗoriya. Fes mai kyau fa? Abin da kamfanoni ke rubutawa a kwali yawanci daga 4 zuwa 13 ne. Ka ga ya fi iska nesa ba kusa ba, amma kusa da jan ƙarfe shi ba komai ba ne. Aikinsa kawai ya kori iska daga ramukan ya tsaya nan, siriri iya yadda zai yiwu. Duk kaurin da ka ƙara bango ka gina tsakanin furosesa da ƙarfen da zai ɗauke masa zafi. Shi bututun jan ƙarfen shi ne mai aikin gaske, a rufe yake da ɗan ruwa a ciki, zafi ya mayar da ruwan tururi ya gudu can wajen haƙora, fanka ta hura ya koma ruwa ya dawo, haka yake ta zagaye. Shi ya sa ma ba a lanƙwasa shi, in ya karye ko ya huje sai dai sabo.

Yaron ya ce "to Kawu a saka min wanda ya fi kowanne tsada mana, na ga wani a YouTube yana saka ruwan ƙarfe." Na ce a'a, ba a shagona ba. Ruwan ƙarfe irin su Conductonaut na Thermal Grizzly gaskiya ne yana da ƙarfi, 73 suke rubutawa, amma galiyam ne a ciki, yana cin alminiyam, kuma wuta tana bi ta cikinsa, ɗigo ɗaya ya gangara kan bod shikenan. Laftof ɗin da kullum tana jaka ana hawa acaba da ita daga Samaru zuwa Kongo ana faɗawa ramuka, ni ba zan ɗauki alhakin nan ba. Wani kuma can ƙasa akwai masu cewa makilin ma yana yi, ko giris ɗin mota. Makilin ruwa ne a cikinsa, kwana kaɗan ya bushe ya zama gari. Abin da ke tsakiya shi ne inda mai hankali yake tsayawa, irin su MX-4 da MX-6 na Arctic ko NT-H1 na Noctua, wuta ba ta bin su ko sun ɗan malala ba abin tashin hankali ba ne, kuma tsakanin masu kyau ɗin nan bambancin digiri kaɗan ne, bai kai yadda ake zuzutawa ba. Sai dai a kula da jabu don kasuwa ta cika da su, har Arctic sai da suka saka lambar tantancewa a kwali da za ka duba a shafinsu. In ka ga an ce maka asali ne amma kuɗinsa bai kai na faranti ɗaya na shinkafa ba, ka san amsar.

Ni a ranar akwai wani sirinji da nake da shi a durowa, asali ne ba jabu ba, mai laushi da saurin bajewa, da shi nake yi wa kwamfutocin tebur na masu kafe kuma ban taɓa samun ƙorafi ba. Shi na ɗauko ba tare da wani dogon tunani ba, ku riƙe wannan wajen don za mu dawo kansa.

Gogewa ta fi komai cin lokaci. Auduga da sifirit irin isofurofil mai kashi 99, ba fetur ba ba ruwa ba, ina jiƙa busasshen ina jira ya yi laushi sannan na share, lungunan kuma da tsinken sakace da buroshi mai laushi a hankali don ƙananan kayan nan da ke kewaye da furosesa ko ƙwayar gero sun fi ta ƙanƙanta, ka ɓalle ɗaya ba za ka ma gani ba. Ba a kankarewa da reza ko bakin sukurdireba. Sai da fuskar ta koma tana ƙyalli kamar madubi ina ganin fitilar shago a ciki. Fanka kuma na riƙe fukafukanta da yatsa kafin na hura bulowa, in ka bar ta tana juyawa da ƙarfin iska za ka iya lalata ta. Katifun na canza da masu 0.5, sukuru na 3 na samo wani daga gawar wata laftof da ke ƙarƙashin tebur.

Wajen sakawa akwai bambanci da ya kamata a sani. Furosesa na kwamfutar tebur yana da hular ƙarfe a kansa, ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake a tsakiya ya isa, matsin hitsink zai baje shi, in ma bai kai can ƙarshen kusurwa ba ba matsala sosai. Na laftof tsirara yake ba hula, madubin silikon ne kai tsaye, duk kusurwar da fes bai taɓa ba nan zafi zai taru. Don haka na ɗiga kaɗan na baje da guntun tsohon katin waya, siriri, ya rufe ko'ina, haka ma kan girafik. Na ɗora hitsink a miƙe sau ɗaya ban ɗaga na leƙa ba, don in ka ɗaga iska ta shiga sai an sake daga farko, na bi lambobin 1 zuwa 7 rabin juyi rabin juyi har suka tsaya da kansu.

Da na kunna, zaune tana 47, Cinebench ya kai ta 83 ta tsaya nan, tazarar koa ta dawo digiri 4, gudu ya zauna a 3.4, iskar da ke fita kuwa yanzu ba ka iya barin hannu. Cikin zafin Afrilu fa, a shagon da rufin kwano ne. Yaron ya saka rendarin ɗinsa a nan gabana muka yi la'asar muka dawo tana nan tana aiki. Ya gabatar da furojet lafiya, uwarsa har da aiko min da dambun nama, ni kuma ina ta jin kaina.

Sati bakwai bayan nan, cikin Yuni, sai ga saƙo: "Kawu ta fara kuma fa, ba ta ɗaukewa amma fankar ba ta shiru." Lokacin ya samu wani ɗan aikin zanen gida a Hanwa kullum cikin rendarin yake dare da rana. Abin ya ɗaure min kai don damina ta sauka gari ya yi sanyi, ƙura ta kwanta, kamata ya yi lambobin su sauka ba su hau ba. Ya kawo na auna, 94, tazarar koa ta koma 11. Na fara zargin sukurun da na canza, na duba yana nan daram. Haƙoran hitsink tas. Da na ɗaga ƙarfen sai na ga abin da ya faru, tsakiyar madubin kusan a bushe ba komai sai ɗan maiƙo, fes ɗin duk ya taru a gefe ya yi zobe kamar an share shi da gangan.

Wannan laifina ne ba na kowa ba, kuma na san da abin, mantawa na yi ko in ce raina shi na yi. Silikon da jan ƙarfe ba daidai suke buɗewa ba in sun ji zafi, jan ƙarfe ya fi saurin buɗewa, to duk lokacin da injin ya hau daga 45 zuwa 85 ya sauko, fuskokin biyu suna ɗan motsi a kan juna, motsin da ido ba ya gani amma yana tura fes waje kaɗan-kaɗan kamar yadda kake matse makilin. A kwamfutar tebur mai hula abin ba ya damuwa sosai. A madubi tsirara mai zafi, wanda ake gasawa a sanyaya sau ashirin a rana, fes mai ruwa-ruwa ba ya daɗewa. Wanda na ɗauko daga durowa mai kyau ne a wajensa, ni ne na kai shi inda ba nasa ba. Da mai kauri na saka, irin wanda yake wahalar bajewa, da ya fi haka jimawa.

Wannan karon na ce ba zan sake wasa ba, na yi odar PTM7950 na Honeywell daga wajen wani da nake sayen kaya a Legas, aka saka a mota na je tasha na karɓa bayan kwana uku. Shi ba a sirinji yake zuwa ba, falle ne siriri launin toka kamar takarda, kaurinsa wajen milimita 0.25, da leda a gaba da baya. A sanyi a daskare yake, in ya kai wajen digiri 45 sai ya yi laushi ya shige ramukan, in ya huce ya sake kamawa, shi ya sa ba ya saurin gudu gefe kamar fes. A takarda 8.5 ne, wato bai fi sauran lamba ba, zamansa ne abin nema.

Wahalarsa ɓare ledar. Yankan farko da na yi a zafin shago ya manne wa leda ya yage biyu, na yi asarar guntu ina ji ina gani. Sai na tuna ana sanyaya shi tukuna, ga NEPA sun ɗauke tun safe, na ƙulle shi a leda na kai wa maƙwabciyata mai zoɓo na ce "Hajiya don Allah a ɗan saka min wannan cikin kular ƙanƙara minti goma." Ta juya shi ta ce wannan kuma wane irin magani ne, na ce na kwamfuta ne, ta ce Allah ya ba ta lafiya. Da ya yi sanyi sai ya ɓare salin alin. Na auna madubin na yanka daidai faɗinsa, na ɓare leda ɗaya na ɗora na danna da kati a hankali, sannan na ɗaga ta saman da ɗan hantsaki daga kusurwa, na furosesa daban na girafik daban, na mayar da hitsink da bin lamba kamar wancan karon.

Ranar farko 86 ta nuna, yaron ya kalle ni ya ce "Kawu ai na da ma ya fi." Na ce ka ba shi kwana biyu, sai ya narke ya daskare sau da yawa kafin ya gama kwanciya. Ya tafi ba don ya yarda ba. Bayan kwana huɗu ya turo hoton sikirin, 80, tazarar koa digiri 3. Na sa shi ya sayi ɗan katako ya riƙa ɗaga bayanta, na kuma ce in na sake jin ya ɗora ta kan katifa to ya nemi wani kawun.

Yanzu wata biyar kenan, duk ƙarshen wata yana turo min hoton HWiNFO ko ban tambaya ba, na ƙarshe 81. Sanyi ya fara shigowa, jiya da safe na ga hazo ya rufe hanyar Sakkwato ko tankar da ke gabanka ba ka gani sosai, don haka na ce masa ƙarshen Fabrairu ya kawo a ɗaga fanka a cire bargon da zai taru, hitsink ɗin kuwa ba wanda zai taɓa shi. Ragowar sirinjin nan na ƙarar da shi kan kwamfutocin tebur guda shida na wani mai kafe a PZ, guntun PTM da ya rage kuma yana cikin ambulan a durowa, na rubuta a jiki da biro: a kai wa Hajiya kafin a ɓare.